Saura Wasa Tara

Ranar Lahadi na kai riɗi buhu biyu Gujungu,
Litinin na biya wa dikoda wata uku a Ringim.
Yaron shagon ya ce, Alhaji, ka huta sai damina.
Ni ba alhaji ba ne, amma na ji daɗi.
Ranar Juma'a aka ce Turawa sun ɗauke ƙwallo.

Sun kai ta ina?
An ce wani tari ne ya ƙetaro teku,
ya rufe filaye, ya kwantar da alƙalin wasa da usur a wuya.
Ba a yi wata ba mai unguwa ya zo da kansa,
takunkumi a haɓa, kunya a ido,
shi da ke shigo mini kyauta ta ƙofar baya,
ya ce, Tanimu, sa kwaɗo.

Na sa.
Benci goma sha ɗaya suna kallon juna.
Janareta ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa,
gizo ya kafa tasa ragar a bakin dish,
shi kaɗai ke kama wani abu.

Na buga wa kamfani.
Wata murya mai sanyi ta ce danna ɗaya,
na danna, ta ce danna uku,
na danna har katina ya ƙare
ban samu mutum ba, balle in tambaye shi:
wanda ya sayi rijiya, ruwan ya ƙafe,
kuɗin guga zai ci gaba da biya?
Su dai kwanakinsu ba su san kulle ba,
kullum sai ɗaya ta fita ta katanga.
Abin da suke haskawa wasan bara ne,
ɗumamen tuwon da kowa ya san miyarsa.

A bangon zana allona yana nan,
teburin gasa da na rubuta da alli:
masu jar riga a sama, tazara kamar daga nan zuwa Haɗeja,
saura wasa tara.
Ban goge ba. Hannuna ya ƙi.

Ga kuma zakara.
Lawandi tela da Baba Nalado suka ajiye shi wurina,
suka ce ba caca ba ce, alkawari ne:
wanda ƙungiyarsa ta zama zakara, shi zai ci zakara.
To, ga shi yana cin dawata safe da yamma,
yana cara a kan bencin gaba,
shi kaɗai ne a garin nan kakarsa ba ta tsaya ba.

Baba Nalado tun yana da haƙora yake jiran kofin nan.
Da rediyo ya fara, a ƙarƙashin tsamiya,
bai iya faɗin sunan ɗan wasa ko ɗaya daidai ba,
amma in an ci, sandarsa ce ke fara tashi.
Cikin azumi ya kwanta, kwana huɗu.
Ba wanda ya faɗi sunan ciwon.
Mu bakwai muka sallace shi, nesa-nesa,
kamar 'yan bayan da ba su yarda da juna ba.

Da ƙwallo ta dawo, ruwa ya sauka,
kowa yana gona, wata ukuna sun tafi.
Na ranci kuɗi wurin Hansatu mai ƙosai na sake biya.
Fili fayau, kujeru ba kowa,
ihun ma na na'ura ne, an ɗora shi kamar faci.
Masu ja suka ɗaga kofi a gaban iska.

Lawandi ya tashi bai ce uffan ba,
ya kamo zakaran, ya ɗaure masa ƙafa,
ya nufi gidan Baba da shi a hammata.
Ni kuma na ɗauki tsumma na jiƙa,
na tsaya gaban allo
har ya bushe a hannuna.